Yadda za ka saita siwic ka riƙa sa masa ido da sarrafa shi daga nesa a Legas

Mai kula da netwok ɗin otal a Ikeja, ko makaranta a Agege, ko ɗakin ajiyar kaya a Apapa, zirga-zirga ce ke cinye masa yini. Gyaran kansa sau da yawa bai wuce minti biyar ba, amma kafin ka tashi daga Idi-Araba ka ƙetare gadar Third Mainland ka isa Lekki, gosulo ya gama da kai. Maganin wannan shi ne siwic, wato akwatin da wayoyin netwok ke haɗuwa a jikinsa, ya riƙa faɗa maka halin da yake ciki da kansa, kai kuma ka iya shiga cikinsa daga inda kake ba tare da ka buɗe wa ɓarawo ƙofa ba.

Misalan da ke nan na Cisco Catalyst 2960 ne, domin ana samunsa a hannun masu sayar da tokumbo a Computer Village da Alaba. Tsarin ɗaya ne a MikroTik da TP-Link da Aruba, kalmomin umarni ne suka bambanta. Sharaɗi guda: siwic ɗin ya zama mai karɓar saiti. Ƙaramin nan mai kafa takwas da ake jonawa kawai ya kama aiki ba shi da adireshi, ba ya magana da kowa, babu abin da za ka saita a jikinsa.

Fara da wayar konsol, kana zaune a gabansa

Kana buƙatar wayar konsol mai kan RJ45 a gefe ɗaya da USB a ɗayan, da laftof mai manhajar PuTTY. Zaɓi Serial, gudu 9600, bit 8, babu fariti, bit ɗin tsayawa 1. Idan baƙaƙe marasa ma'ana suka cika fuskar, gudun ne bai dace ba. MikroTik 115200 yake so, wasu kamfanonin kuma 38400.

Siwic ɗin tokumbo kan zo da saitin tsohon mai shi, har da sunayen masu shiga da ba ka sani ba. Goge shi kafin ya taɓa netwok ɗinka:

write erase
delete flash:vlan.dat
reload

Layi na biyun shi ake yawan mantawa. Jerin VLAN, wato ɓangarorin da ake karkasa netwok ɗaya zuwa gare su, yana zaune ne a cikin vlan.dat, kuma write erase ba ya taɓa shi. In tsohon fayil ɗin yana ɗauke da lambar bita ta VTP (tsarin da siwic ke raba wa juna jerin VLAN da shi) da ta fi taka girma, sunan yankin kuma ya zo ɗaya, yana iya shafe VLAN ɗin sauran siwic ɗinka da zarar an jona shi. Saboda haka bayan ya tashi sa vtp mode transparent. Idan kuma kalmar sirrin tsohon mai shi ta tare ka, cire wuta, danne maɓallin Mode, mayar da wutar kana danne da shi har ka samu switch: a fuska, ka buga flash_init, ka sauya wa config.text suna, sannan boot.

Duba show version tun yanzu. In babu k9 a sunan fayil ɗin IOS, wato manhajar da ke tafiyar da siwic ɗin, ba zai yi SSH ba, wato shiga daga nesa ta hanyar da aka ɓoye, sai an sauya masa manhaja. Gara ka duba wannan a shagon kafin ka biya kuɗi.

Ware wa gudanarwa hanyarta

Kada adireshin siwic ya zauna a VLAN 1 tare da kwamfutocin ma'aikata da wayoyin baƙi. Buɗe masa VLAN na daban:

vlan 99
 name GUDANARWA
interface vlan 99
 ip address 10.10.99.11 255.255.255.0
 no shutdown
ip default-gateway 10.10.99.1

Mun zaɓi 10.10.99.0 da gangan. Rautocin gida da ƙananan MiFi suna rarraba 192.168.0, 192.168.1 ko 192.168.8. Ranar da ka shigo ta VPN, wato ɓoyayyar hanyar da ke haɗa ka da netwok ɗin ofis ta intanet, daga irin wannan rauta, in adireshin ofis ya yi daidai da na gidanka, laftof ɗinka zai riƙa neman siwic ɗin a ɗakinka.

Abu biyu ke ba da wahala a nan. Na farko, interface vlan 99 ba zai tashi ba sai akwai aƙalla kafa ɗaya mai rai da ke ɗauke da VLAN 99, ko ta kai tsaye ko ta tiranki, wato kafar da ke ɗaukar VLAN da yawa. Na biyu, in ka manta ip default-gateway komai zai yi aiki lafiya muddin kana cikin ginin, sai ka koma gida ka ga shiru. Saƙonka yana isa, siwic ɗin ne bai san ta inda zai mayar da amsa ba.

SSH kaɗai, a rufe sauran

Telnet yana aika kalmar sirri tsirara, duk wanda ya saurari layin zai karanta ta. Ga abin da za ka sa:

hostname IKJ-BENE2-SW1
ip domain-name ofis.lan
crypto key generate rsa modulus 2048
ip ssh version 2
username injiniya1 privilege 15 secret KALMARKA
enable secret WATAKALMAR
no ip http server
no ip http secure-server
no vstack
ip access-list standard MASU-SHIGA
 permit 10.10.99.10
 permit 10.10.200.0 0.0.0.255
 deny any log
line vty 0 15
 login local
 transport input ssh
 access-class MASU-SHIGA in
 exec-timeout 10 0

A jerin MASU-SHIGA, 10.10.99.10 adireshin sabar sa ido ne, 10.10.200.0 kuma na injiniyoyin da ke shigowa ta VPN. Sunan siwic ya faɗi unguwa da bene da lamba. Ƙarfe biyun dare, saƙon da ya ce IKJ-BENE2-SW1 ya mutu yana da amfani. Wanda ya ce Switch ya mutu ba shi da shi. Yi amfani da secret a ko'ina. Kalmar da aka sa da password, ko an ɓoye ta da service password-encryption, nau'i na 7 ce, shafukan intanet na warware ta nan take. Lura kuma da 0 15: mutane kan tsare vty 0 4 su bar layi 5 zuwa 15 a sake.

Umarnin no vstack yana kashe Smart Install, wanda ke sauraro a ƙofar TCP 4786 ba tare da neman kalmar sirri ba. A 2018 an yi amfani da shi an kutsa siwic masu yawa a ƙasashe daban-daban. In siwic ɗinka bai gane umarnin ba, toshe 4786 a katangar tsaro.

Sabon laftof kan ƙi shiga tsohon 2960, ya ce babu hanyar musayar mabuɗi da suka yi tarayya a kai. Tun OpenSSH 8.8 na 2021 aka daina karɓar ssh-rsa kai tsaye. A buɗe masa shi kaɗai:

ssh -oKexAlgorithms=+diffie-hellman-group14-sha1 -oHostKeyAlgorithms=+ssh-rsa injiniya1@10.10.99.11

Kada ka cire wayar konsol sai ka gwada shiga ta SSH daga wata taga ka ga ta buɗe. Sannan write memory. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, saitin da ba a adana ba yana iya tafiya kafin la'asar.

Agogo

Wannan ɗan ƙaramin aiki ne amma duk abin da zai biyo baya a kansa ya dogara. 2960 ba shi da batirin agogo, duk tashin da ya yi yana farawa ne daga 1 ga Maris 1993. Rajistar da ke cewa kafa ta 12 ta faɗi a 1993 ba za ka iya haɗa ta da lokacin da janareta ya karɓi wuta ba.

clock timezone WAT 1 0
ntp server 10.10.99.1
service timestamps log datetime msec localtime

Rautarka ta ɗauko lokaci daga africa.pool.ntp.org, siwic su ɗauka daga wurinta ta UDP 123. Bayan 'yan mintuna buga show ntp associations. Alamar tauraro a gefen adireshin na nufin ya kama.

SNMP, inda aikin yake

Da SNMP ne sabar sa ido ke tambayar siwic: nawa ya wuce ta wannan kafa, zafinka nawa, tun yaushe kake kunne. Tambaya na tafiya ta UDP 161, saƙon gaggawa da siwic ke turowa da kansa ta UDP 162. Siga ta 1 da 2c kalma ɗaya suke amfani da ita, a buɗe take tafiya, kuma na'urori da yawa na zuwa da public da private a saite. Yi amfani da siga ta 3:

ip access-list standard SABAR
 permit 10.10.99.10
snmp-server group SAIDO v3 priv access SABAR
snmp-server user maisaido SAIDO v3 auth sha KALMA-TA-FARKO priv aes 128 KALMA-TA-BIYU
snmp-server host 10.10.99.10 version 3 priv maisaido
snmp-server enable traps snmp linkdown linkup coldstart
snmp-server enable traps envmon
snmp-server location Ikeja bene na 2 ɗakin sabar
snmp-server ifindex persist

Kowace kalma kada ta gaza baƙi takwas. Ba mu ba wannan rukuni izinin rubutu ba, kuma babu dalilin ba shi: sabar sa ido karatu kawai take yi. Kada hankalinka ya tashi in ba ka ga layin snmp-server user a show running-config ba, Cisco ba ya nuna shi a can, show snmp user za ka duba. Wannan na nufin in ka kwafi saiti zuwa sabon siwic, sai ka sake buga layin da hannu. Shi kuwa ifindex persist yana hana lambobin kafofi sauyawa bayan tashi, don kada zanen kafar intanet ya wayi gari yana nuna na firinta.

Gwada daga sabar kafin ka buɗe kowace manhaja:

snmpwalk -v3 -l authPriv -u maisaido -a SHA -A KALMA-TA-FARKO -x AES -X KALMA-TA-BIYU 10.10.99.11 1.3.6.1.2.1.1.1.0

In ya dawo da bayanin IOS, an gama. In ya yi ƙorafin tantancewa, kalma ta farko ce ba daidai ba. In ya yi shiru har lokaci ya ƙare, duba jerin SABAR, da katangar tsaro, da kalma ta biyu.

Akwai wani tarko a ma'aunin zirga-zirga. Tsohon ma'auni, ifInOctets, mai bit 32 ne, yana cika ya koma sifili bayan kimanin gigabait 4.29. A kafar gigabit da ke cike, daƙiƙa 34 ke nan. A mai megabit 100, ƙasa da minti shida. Sabar da ke tambaya duk minti biyar za ta zana maka ƙarya, ka ga layin da ya shaƙe kamar babu kowa a kansa. Tabbatar manhajar na karanta ifHCInOctets mai bit 64, wanda siga ta 1 ba ta iya ɗauka.

Tura rajistar siwic ma zuwa sabar sa ido:

logging host 10.10.99.10
logging trap notifications

Wannan mataki na 5 ne cikin matakai 0 zuwa 7, ta UDP 514. Ya isa ya nuna faɗuwa da tashin kafa da kuma wanda ya taɓa saiti. Mataki na 7 na bincike ne, zai cika maka faifai a banza.

Manhaja kuwa, LibreNMS kyauta ce, tana gano kafofi da kanta, tana zagayawa duk minti biyar. Zabbix ya fi sassauci, ya kuma fi cin lokacin saiti. PRTG na Windows ne, kyauta har ma'auni 100, amma siwic biyu masu kafa 48 sun kusa cinye su. Ga ofis mai siwic goma zuwa ashirin, ƙaramar kwamfuta mai RAM gigabait 4 zuwa 8 da faifan SSD ta wadatar. A ganinmu LibreNMS ce ta fi dacewa da mai farawa.

Me ya cancanci ya tashe ka daga barci

A nan ne akasari ake ɓata aikin. Mutum ya kunna gargaɗi a kan kowace kafa, ma'aikata su kashe kwamfutoci ƙarfe biyar, saƙo sittin ya shigo Telegram, cikin mako guda ya daina dubawa. A kafofin ma'aikata sa no snmp trap link-status da no logging event link-status. Gargaɗi na kafofin da suka haɗa siwic da siwic ne, da na rauta, da sabar, da na'urar ajiyar hotunan kyamara. Rubuta wa kowacce description, don saƙon ya zo da suna.

Abu na farko da za ka sa wa ido a Legas shi ne sysUpTime, wato tsawon lokacin da siwic ya yi a kunne. Ma'aunin yana cika ne bayan kwana 497, abin da ba kowane siwic ke gani ba a garin nan. In ya koma sifili, siwic ya mutu ya tashi. In duk siwic ɗin ginin suka koma sifili a minti ɗaya, matsalar wuta ce, mai gyaran inbata za a kira. In ɗaya ne kawai ke yi, kuma daidai lokacin da ake juyawa daga NEPA zuwa janareta, batirin UPS ɗin wannan bene ya mutu. Buga show version, zai gaya maka ko wuta ce ta mayar da shi ko umarni ko faɗuwar manhaja. Sa jinkirin minti uku zuwa biyar kafin gargaɗin mutuwa ya fita, domin 2960 kan ɗauki minti ɗaya zuwa biyu kafin ya gama tashi. Haka kuma nuna wa manhajar cewa siwic na bene na 3 a bayan na bene na 1 yake, don in uban ya faɗi saƙo ɗaya ya zo maimakon goma.

Na biyu, kurakuran CRC, wato saƙonnin da suka iso a lalace. Buga show interfaces counters errors. Lambar da ke tsaye tun bara ba komai ba ce, wadda ke hawa ita ce magana. Dalilin kusan kullum waya ce: kan RJ45 da aka matse ba daidai ba, ko tsawon da ya haura mita 100, ko wayar nan mai araha ta alminiyom da aka shafa wa tagulla, wadda ake kira CCA. A unguwannin bakin ruwa irin su Lekki da Victoria Island, iska mai gishiri da laima na sa kan waya ya yi tsatsa, sai kurakurai su ƙaru da damina. Kafar gigabit da ta sauko 100 da kanta na nufin ɗaya daga cikin tagwayen silin wayar ya katse, domin gigabit na buƙatar duka takwas, megabit 100 kuwa huɗu sun ishe shi. In kuma late collisions kake gani, gefe ɗaya na kan full (aikawa da karɓa a lokaci guda) ɗayan na kan half (bi da bi).

Na uku, wutar PoE, wadda siwic ke ba na'urori ta wayar netwok. Kafa ɗaya na ba da wat 15.4 a ƙa'idar 802.3af, wat 30 a 802.3at, amma siwic ɗin yana da jimillar da ba zai wuce ba. 2960-24PC-L wat 370 ne. Kyamarori na ƙara jan wuta da dare idan fitilunsu na infrared suka kama, shi ya sa ake samun kyamarar da ke lafiya da rana ta ɓace bayan magariba. Duba show power inline, ka sa gargaɗi a kashi 80 cikin 100.

Sai zafi da fanka, ta show env all. Ɗakin sabar da ake kashe wa na'urar sanyaya ɗaki ranar Asabar da Lahadi don tsimin man dizal zai bayyana a zanen zafi kowane mako, kuma wannan zanen ya fi dogon bayani tasiri a gaban mai gida.

Sa spanning-tree portfast da spanning-tree bpduguard enable a kafofin ma'aikata. Ranar da wani ya jona kan waya biyu a ƙaramin siwic ɗin ƙarƙashin teburinsa, kafarsa kaɗai za ta rufe, rajista kuma ta faɗi lambarta.

Shiga daga waje

Kada ka tura ƙofar 22, ko 161, ko 8291 ta Winbox daga intanet zuwa siwic. Injinan bincike irin su Shodan na zagaye adireshin duniya dare da rana, kuma raunin Winbox da aka gano a 2018 ya ba masu kutse damar kwashe kalmomin sirri daga rautocin MikroTik da aka bari a buɗe. Sauya lambar ƙofa ba ya ɓoye ta. Hanya ita ce VPN, daga nan SSH.

In kana da adireshin IP na fili, kunna WireGuard a rauta. RouterOS 7 na da shi, yana sauraro a UDP 13231 in ba ka sauya ba. Ba injiniyoyi 10.10.200.0/24, kowa da mabuɗinsa, AllowedIPs kuma ya tsaya a 10.10.99.0/24.

Sai dai layukan SIM na 4G da 5G, da ƙaramin tsarin Starlink, galibi a bayan CGNAT suke, wato kamfanin ya haɗa mutane da yawa a kan adireshin fili ɗaya. Duba adireshin WAN na rautarka: in ya faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, ko ya bambanta da wanda shafukan duba IP ke nuna maka, babu mai iya ƙwanƙwasa maka daga waje. Mafita ita ce ofis ya fita da kansa. Kama hayar ƙaramar sabar intanet, wato VPS, mai adireshin fili, rautar ofis da laftof ɗinka duka su kira ta, ka sa PersistentKeepalive 25 a gefen ofis don kada hanyar ta rufe. Ko ka ɗora Tailscale a sabar sa ido da tailscale up --advertise-routes=10.10.99.0/24, ka amince da hanyar a shafin gudanarwarsa. A wannan tsari siwic zai ga kamar daga 10.10.99.10 kake zuwa, wanda dama yana cikin jerin MASU-SHIGA.

Inda VPS ɗin yake yana da tasiri. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ɗin Najeriya ya yi rauni sosai. Wanda mahaɗarsa ke Turai, sai saƙonsa ya ƙetare teku ya dawo kafin ya isa siwic ɗin da ke Ikeja. In akwai hali, ɗauki VPS a cibiyar bayanai da ke Legas.

Wurin da tsayawarsa ke jawo asarar kuɗi ya cancanci hanya ta biyu: ƙaramar rautar 4G da SIM na wani kamfani daban, da Raspberry Pi da aka jona wa wayar konsol zuwa babban siwic, duka a kan inbata. Ko VLAN 99 ta rushe, kana da konsol.

Kada ka kulle kanka a waje

Kafin ka taɓa tiranki, ko jerin masu shiga, ko adireshin gudanarwa daga nesa, buga reload in 10. Yi canjin, kada ka adana. In ka yanke reshen da kake zaune a kai, bayan minti goma siwic zai tashi da tsohon saiti. In komai lafiya, reload cancel sannan write memory. A MikroTik maɓallin Safe Mode ne ke wannan aikin. Ka tuna tashin zai katse kowa na ɗan lokaci, don haka a yi irin wannan bayan an tashi daga aiki.

Umarnin da ya fi kulle mutane shi ne switchport trunk allowed vlan 30. Ba ƙara 30 yake yi ba, yana share duk jerin ne, har da 99 ɗinka, ya bar 30 kaɗai. Daidai shi ne switchport trunk allowed vlan add 30.

Kowane injiniya da sunansa na shiga, don ranar da ɗaya ya bar aiki a share nasa da mabuɗinsa na VPN kawai. Siwic sun haura goma, koma RADIUS ko TACACS+, wato sabar da ke tantance masu shiga daga wuri ɗaya, amma bar suna ɗaya na cikin gida, ka rufe layin aaa authentication login da kalmar local, in ba haka ba mutuwar sabar za ta hana kowa shiga. Manhajar Oxidized na kwafe saitin kowane siwic ta nuna abin da ya sauya, kuma tana haɗuwa da LibreNMS. Ajiye kwafi ɗaya a wajen ginin.

Sabar sa ido ita ma tana mutuwa, kuma in ta mutu ba abin da zai iso wayarka, sai ka ɗauka lafiya ce. Ɗora ta a inbata tare da rauta da babban siwic, ka saita BIOS ɗinta ta kunna kanta idan wuta ta dawo, sannan VPS ɗin waje ya riƙa duba ta duk minti ɗaya ya aiko saƙo in ta yi shiru.

Kafin ka miƙa aikin, gwada shi kana wurin. Zare wayar da ta haɗa bene biyu ka ga ko saƙo ya iso da sunan kafar. Kashe siwic ɗaya daga soket ka ga ko ya dawo da saitinsa da agogonsa daidai. Kashe Wi-Fi na laftof, ka shiga da datar wayarka ta VPN. Daga kwamfutar wani ma'aikaci kuma gwada SSH zuwa 10.10.99.11, dole ta ƙi, kuma ƙin ya fito a rajistar da ke cikin siwic ɗin da adireshin kwamfutar.